Fijo Ta Ƙi Tashi

Sabon Birni, 4 ga Rajab

Zuwa ga ɗan ƙanena Marwan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, takardarka ta iso. Ita ce ta farko tun da aka sallamo ni daga asibiti, wata bakwai ke nan.

Ka ce mota ta ƙi tashi. Wace mota? Ko fijona da ka ɗaura wa igiya ka ja zuwa Isa, ina kwance ban san inda kaina yake ba, kana gaya wa mutanen unguwa cewa Baffa ya gama tuƙi a duniya?

To, ba ni rowar sani. Shekara shida tana rumfa. Batirin ya mutu, sa wani. Fetur ɗin da ya daɗe a tanki ya lalace, a sauke tankin a wanke. Kwance fulogi huɗun nan, ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, ka juya injin da hannu kafin ka taɓa makulli. Ka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, don ɓera bai tambayar mai abu kafin ya ci. Ka san halin.

In duk ta ƙi, a tura ta a giya ta biyu. Kai da kanka za ka tura, ta fi jin hannun dangi.

Wassalam.
Baffanka, Abdurra'uf

Isa, 19 ga Rajab

Baffa,

Ina gaisuwa da ladabi, Allah ya ƙara sauƙi.

Duk abin da ka ce na yi. Sau uku muna tura ta daga garejin Baba Yari har bakin kasuwa, ƴan kabu-kabu na bina da ihu, "Alhaji, sai Makka!" In an zuba fetur a kafireto sai ta kama, ta yi tari, ta mutu.

Maganar ɗaukar ta kuwa, gani na yi tsatsa na cin ta a banza, kuma ni ɗanka ne. Na riga na gaya wa kowa da ita za ni fara jigilar fasinja zuwa Burkusuma. Ka taimake ni, Baffa, kunya ta ishe ni.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Marwan

Isa, 2 ga Sha'aban

Ra'ufu, tsohon mugu,

Salamu alaikum. Yaya ƙafa? In ce dai bakin nan naka bai shanye ba.

Motarka ta yi wata guda a garejina ina wasan yara da ita. Na wanke kafireto sau biyu, na busa tiyo, ina girgiza kai kamar ban gane ba. Alhali ni da kai mun san famfon da muka ɗaura wa tiyon fetur a ƙarƙashin kujerarka, shekarar da ɓarayin mota suka dame mu. Ka rufe shi ranar da ka ajiye ta. Shekara arba'in ina kanikanci, yau ni ake yi wa dariya saboda amanarka.

Yanzu ga inda aka kai. Marwan ya gaji, ya kira ƴan gwangwan. Ranar Alhamis za su zo da wuta su yanka ta gunduwa-gunduwa. Ya yi maka laifi, ban musa ba. Amma wannan ita ce motar da ka riƙa kai matarka Zulaihatu ganin gida Gangara, Allah ya jiƙanta. Injin nan lafiya lau yake, wallahi kamar agogo. Kalma guda nake jira in murɗa famfon.

Ka amsa kafin Laraba.
Abokinka, Yari

Sabon Birni, 5 ga Sha'aban

Yari,

Wa alaikumus salam. Ƙafa na nan yadda ka san ta, ba ta iya taka kuloci. Nan kam Marwan gaskiya ya faɗa, na gama tuƙi. Da ya zo ya zauna bakin tabarmata ya roƙa, da na ba shi makulli, na ba shi famfon, na sa mashi albarka. Isa zuwa nan ba nisa ba ne. Takarda ya aiko.

Na karanta sunan Zulaihatu, na ajiye takardar, na daɗe ban ɗauka ba. Duk da haka kada ka murɗa. Su yanka.

Ka tsaya a wurin har su cire kujerar. Sannan ka kira shi, ka nuna mashi, ka murɗa sau ɗaya a gabanshi. Ka rubuto mini yadda fuskarshi ta yi, kada ka rage komai. Ba ni da wata hira a gidan nan.

Allah ya bar zumunci.
Abdurra'uf