Jiniyar Baban Auta

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ƙalau muke, sai dai kunnen nan da injin masaƙa ya cinye, kullum sai an ɗaga mini murya kamar ana korar akuya.

Yaya, nemi wuri ki zauna. Masaƙarmu ta zama rukunin shaguna. Inda ni da ke muke tsayawa auduga na shiga mana hanci, yanzu turare ake sayarwa. Auta ma can ta samu aiki, wuni take a tsaye bayan kantar shago, an hana masu jiran shagunan kujera. Na tambaye ta ina ƙungiyarsu, ta ce wace, ta ƙwallo? 'Yar Mai Jiniya guda! Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Za a yi bikin buɗe wurin, kuma wai za a karrama Sakatare a matsayin gwarzon babban yajin aikinmu. Shi dai da kika sani, sakataren ƙungiyarmu, wanda ya shiga ofishin manaja da takalmin roba ya fito da makullin mota. Shi ya tsaya a bakin ƙofar masaƙa ya nuna wa 'yan sanda mijina da yatsa, ya ce ga mai busa jiniyar nan. Bayan dukan da suka yi masa, ke kika taya ni gasa masa haƙarƙari, bai kuma sake miƙewa daidai ba. Da ya rasu, ko tsayar da injuna da muke yi wa kowane mamacinmu, Sakatare ya hana a yi masa.

Jiya sai ga shi a gidana, da sanda da tumbi, yana kirana matar ɗan'uwa. Wai jiniyar hannun nan ta marigayi yake so, a sa ta a gilashi kusa da hoton shi Sakataren don yara su san tarihi. Na ce ai ba komai, ni da kaina zan kawo ranar. Har albarka ya sa mini. Na ba shi ruwa ya sha, yana fita na fasa kofin.

Na san za ki ce in bar wa Allah. Na bar masa da daɗewa, Yaya, amma rama cuta ga macuci ibada ne. Kin dai tuna dokar jiniya: busa ɗaya mai tsawo, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya fita, ba tambaya. Na fito da ita daga ƙarƙashin gado na zuba mata mai. Gobe zan fara zagaya gidajen tsofaffinmu.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki, Maman Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta lafa. Saƙonki ya iso, na ga faɗan da kika yi mini. Ya zo a makare.

An yi biki. Tsofaffinmu sun zo, wanda ke da yatsu da wanda injin ya rage masa, aka jera mu a kujerun gaba don hoto ya yi kyau. Sakatare ya hau mumbari ya fara da cewa shi ne ya fara busa jiniya ranar yajin. Ko kunya! Ina zaune da ita a cinya, an ce sai ya gama zan miƙa masa. Na kama mariƙin na juya da duk ƙarfin da ya rage mini.

Yaya, muryarta ba ta tsufa ba. Ko ni kurma na ji ta har cikin haƙora. Tsofaffi suka miƙe, ba wanda ya dubi wani. Mai Gyaran Inji na tsakiyar shan lemo, ya dire kwalbar ya ja ƙafarsa. Muka nufi ƙofa. Auta ta ga uwarta na tafiya ta baro kantar shagon, 'yan matan shaguna suka biyo ta.

Ga abin da nake so ki ji. Da na waiwaya, sai na ga Sakatare ya saki takardar jawabinsa ya sauko, yana dogara sanda yana bin bayanmu. Ƙafafunsa sun tuna abin da bakinsa ya sayar. Fuskarsa sharkaf da hawaye, ya iso bakin ƙofa yana neman mu matsa masa.

Na tsaya na dube shi sosai. Na ɗaga yatsa na nuna shi yadda ya nuna mijina, har sai da kowa ya gani. Na ce masa wannan busar ta ma'aikata ce. Sannan na ja ƙofar gilashin na rufe, shi a ciki, mu a waje.

Ban ji tausayinsa ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na ji ba. A bakin titi muka zauna, yaran suka kewaye mu, na ba su labarin tun daga farko da sunan wanda ya busa.

An ba Auta takardar gargaɗi. Da safen nan ta zo ta ɗauki jiniyar ubanta, ta ce in nuna mata yadda ake riƙewa, wai akwai maganar kujera.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanwarki, Maman Auta