Katin da Kawu Ya Roƙa

São Paulo, 3 ga Maris

Yaya Ivanilde,

Gaisuwa mai yawa, ke da ɗanki Edinaldo da tsohon keken ɗinkin nan naki mai ƙarar jirgin ƙasa. Saƙon da kika ba Genival direban bas ya iso: garin rogo, busasshen nama da mazarƙwaila. Matata Rosimeire ta ce naman ya yi gishiri, amma ita ta cinye rabi. Ta ce laifin cikin ne, wata biyar ke nan.

Yaya, ƙanenki ya tsinci dami a kala. Akwai wani kamfanin cacar ƙwallo a waya da ke ba sabon shiga garabasa: ka zuba riyal hamsin na kuɗin ƙasarmu, su ɗora maka hamsin. Na gwada ranar Lahadi, na tashi da ɗari huɗu. Kwana uku nake yawo a kan babur ina kai wa mutane abinci cikin ruwan sama kafin in ga wannan kuɗi. Sharaɗinsu ɗaya ne, sai ka juya garabasar, wato ka sake caca da ita, sau goma kafin ka cire kuɗinka. Ni da na san ƙwallo tun ina cikin tsumman goyo, wannan ai wasa ne.

Sau ɗaya suke ba mutum. Ki aiko mini da lambar katinki na ɗan ƙasa in buɗe wani asusun da sunanki, mu raba.

Ƙanenki mai ƙashin arziki,
Valdeci

Caruaru, 12 ga Maris

Valdeci,

Na gaishe ka, na gaida Rosimeire. Ta rage gishiri, ƙafa za ta kumbura.

Lambata tana cikin jakata, a nan za ta kwana. Shekara talatin ina ɗinki a kasuwar nan, ban taɓa ganin wanda ya ba da gyara ba tare da ya ci riba a mudu ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka ce ka tashi da ɗari huɗu. Ka taɓa su da hannunka, ko a fuskar waya ka gan su?

Ga labari mai daɗi. A ƙungiyar ƙwallon da yake bugawa, an fara sa Edinaldo tsaron baya tun daga farkon wasa. Wani mutum daga babbar ƙungiya a Recife ya zo kallonsa sau biyu, har ya karɓi sunansa. Shekararsa ashirin da huɗu, ya ce in bai wuce bana ba, ba zai wuce ba. Ka sa shi a addu'a, kai ka fara saya masa takalmin ƙwallo.

Allah ya shirye ka.
Yayarka, Ivanilde

São Paulo, 20 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Kada ki kira ni a waya kan abin da ke cikin takardar nan. Ki karanta ki ƙone.

Ɗari huɗun sun tafi a juyi na bakwai. Na rantse na daina, na yi kwana tara ban leƙa ba. Sai suka turo saƙo wai sun yi kewata, ga caca ɗaya kyauta. Na ci. Suka ce in na zuba dubu za su ninka, amma tayin na awa biyu ne. Yaya, agogo ne ke gudu a fuskar wayar, kana kallon daƙiƙa tana raguwa. Na jinginar da babur.

Wanda ya fanso mini shi wani ne da ake kira Magrão, yana zama a wurin da muke jiran saƙo. Mutum mai fara'a, bai ma ce in sa hannu a takarda ba. Ni da bakina na yi masa alfahari cewa ɗan yayata ɗan wasa ne. Ya tambayi sunan ƙungiyar, ya yi dariya, ya ce, "Ashe kana zaune a kan rijiya kana kukan ƙishirwa."

Mutanensa ba ruwansu da wanda ya ci wasa. A kan katin da alƙalin wasa ke ɗagawa suke zuba kuɗi. Abin da suke so ƙarami ne: ranar 10 ga Mayu, Edinaldo ya karɓi katin gargaɗi kafin hutun rabin lokaci. Ya ja riga, ko ya yi wa alƙalin wasa tsawa. Masu tsaron baya kullum suna samu, wa zai lura? Ni in fita daga bashin Magrão, shi kuma a ba shi dubu biyar.

Na riga na ce musu ya yarda.

Ki yafe mini.
Valdeci

Caruaru, 2 ga Mayu

Valdeci,

Gaisuwar da zan iya yi maka ita ce ta Rosimeire da abin da ke cikinta.

Na ƙone takardarka, ban ce wa Edinaldo komai ba. Ashe mutanen Magrão ba su jira ni ba. Ranar Talata mutum biyu suka tare shi a ƙofar filin atisaye, suka saya masa ruwan rake, suka kira shi gwarzo. Ɗayan ya nuna masa hoto a waya: Rosimeire ce tsaye a tashar bas, da koriyar rigar da na ɗinka mata, tana riƙe da ƙugu. Ba su ce za su yi mata komai ba. Cewa suka yi, "Kawunka na gaishe ka."

Ya dawo gida ya zauna a kan tarin yadi bai ci abinci ba. Na ce mu je wurin 'yan sanda. Ya ce, "Mama, na Caruaru za su tsare tashar bas a São Paulo?" Na ce to ya ce ya ji ciwo, kada ya buga. Ya ce mutumin Recife zai zo ranar, kuma in bai buga ba kuɗin mutanen Magrão ya zube, duk ɗaya ne. Sai ya tambaye ni, "Kawu ne da kansa ya ba su sunana?" Na ci gaba da taka keke kamar ban ji ba.

Ka ɗauki matarka ku shigo motar Genival. Ku bar kayan.

Ivanilde

Caruaru, 11 ga Mayu

Valdeci,

Ina gaisuwa. Ba ka zo ba, ba ka amsa ba, to ga abin da ka saya.

Na je filin. Tun minti goma yake neman katin. Ya ja rigar ɗan wasan gaba na abokan karawarsu, alƙali ya hura kawai. Ya harba ƙwallo waje bayan an busa, alƙali ya dafa kafaɗarsa yana murmushi, don kowa ya san shi da ladabi. Ina kallonsa yana ɗaga kai yana duban agogon fili. Saura minti biyu a tafi hutu, wani yaro ɗan shekara goma sha tara ya zo wucewa da ƙwallo, Edinaldo ya shiga masa da ƙafa biyu. Har inda nake zaune na ji ƙarar ƙashin.

Jan kati aka ɗaga masa kai tsaye. An ce mini a cacarsu ja ba ya zama a madadin na gargaɗi.

Mutumin Recife ya tashi kafin a fitar da yaron. Uwar yaron tana layi biyu a gabana, na san ta, tana sayar da dafaffiyar masara a bakin coci. Edinaldo ya bi su asibiti, ƙanen mahaifin yaron ya tofa masa yawu a fuska, ya tsaya bai goge ba. An dakatar da shi wasa huɗu.

Ban san ko in yi maka addu'a ko in yi maka baki ba. Ka rubuto in san kana numfashi.

Ivanilde

São Paulo, 16 ga Mayu

Yaya Ivanilde,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ni ce Rosimeire. Valdeci ya fita ranar Lahadi da safe ya ce zai sayo burodi, har yau. Babur ɗinsa na ƙofar gida.

Jiya Magrão ya zo. Ya kawo mini lemo da kayan jarirai, ya zauna a kujerar Valdeci, ya sha kofi. Ya ce kada in damu, ba ya fushi da kowa, ƙwallo ta gaji haka. Ya ce wasa huɗu ba yawa.

Ya ce in tambaye ki ranar da Edinaldo zai koma fili.

Ki huta lafiya.
Rosimeire