Zuwa ga Yaya Kabiru, Wanda Ya Hana Mu Zuwa Ban Haƙuri

Assalamu alaikum, Yaya Kabiru. Bayan gaisuwar da ta wajaba a kan ƙani ga wansa, ina fata kana lafiya a Abuja, kana ci kana barci. Tunda ka daina ɗaga wayata, a gaban mutane zan tambaye ka: ka san mutum nawa suke kwana ɗaki ɗaya da Yaya Habu a gidan yari?

Ko ka manta yadda aka fara, ni ban manta ba. Ranar Juma'ar kasuwar Wudil, babban wanmu Yaya Habu ya ɗauko fasinja a babur daga Indabo da raguna a ɗaure. A bakin kara, wato kasuwar dabbobi, Malam Tanko na Kausani ya gane dabbobinsa da aka sace. Fasinja ya dire ya nutse cikin shanu, aka riƙe ɗan acaɓa.

Malam Tanko ya karɓi ragunansa. Ya san Yaya Habu ba ɓarawo ba ne, don shi Malam Tanko da marigayi Babanmu sahu ɗaya suke sallah a da. Abin da ya nema kawai shi ne mu zo ƙofar mai unguwa da yamma a ba shi haƙuri gaban dattawa, kowa ya kama gabansa. Kai ma a nan aka yanke maka cibiya. Ka san in aka yi wa mutum ɓarna, ana sanyaya masa rai ne, ko da kai ba ka ci ba ba ka sha ba.

Amma lokacin kana tsakiyar zaman sanin makamar aiki a ofishin wata ƙungiyar kare haƙƙi a Kano. Ka shigo gida da farar riga da baƙin wando, katin ofis yana lilo a wuyanka. Ka ce wa Inna ban haƙuri amsa laifi ne, gobe za a iya kafa hujja da shi. Har yau ina jin muryarka: "Wanda bai yi ba, ba ya durƙusawa. Doka tana bayanmu." Wa zai yi musu da ɗan Inna mai karatun lauya?

Dattawa suka zauna kan tabarma tun la'asar har aka kira magariba, ba wanda ya leƙo daga gidanmu. Washegari Malam Tanko ya kai ƙara. Ya ce tunda mun fi ƙarfin dattawa, sai mu je mu yi da alƙali.

Ogan naku ya zo kotu sau ɗaya, ya yi Turanci mai daɗi. Aka ba da beli, wai sai babban ma'aikacin gwamnati mai gida a birni ya tsaya. A danginmu wa ke da gida a birni? Daga nan sai ɗage zama, yau mai gabatar da ƙara ba ya nan, gobe ba motar kawo fursunoni. Ana cikin haka wa'adinka ya cika, aka sa maka hannu, ka ɗauki hoto a ƙofar gidan yarin ka saka a shafinka, ka rubuta cewa ka koyi darussa masu yawa. Ka koya kam. A jikin wa?

Bayanka wasu ɗaliban sun zo, su ma da kati a wuya. Suka sa Yaya Habu ya ba da labari tun daga Indabo, suka girgiza kai, wa'adinsu ya cika. Wasu kuma suka zo. Yanzu yana bayar da labarin kamar hadda, ba ya ko ɗaga ido. Kowa na samun takardar shaida da shi, shi kaɗai ne ba ya gama nasa zaman.

Ni da na tsaya a ƙaramar sakandare, na zauna na bi littattafan da ka bari a akwati, ƙamus a gefe. Ba ƙarya ka yi ba, abin da ka faɗa yana ciki. Malam Tanko ne ba ya ciki, kuma shi ne ya kamata ka fara karantawa.

Ban tashi da ƙinka ba, Yaya. Kai ka koya min iyo a bakin kogi, hannunka a ƙarƙashin cikina, ba ka saki ba sai da ka tabbata ba zan nutse ba. Ranar da na bar makaranta kai kaɗai ka yi kuka. Inna ta hana kowa ambatonka da mugunta a gidan nan. Cewa take kunya ce ta hana ka zuwa. Na yarda da ita. Sai dai kunyarka a kan katifa take kwana, shi kuwa a kan siminti.

Ga inda aka tsaya. Mai unguwa ya taka da ƙafarsa har Kausani. Malam Tanko ya yarda zai janye ƙara kafin zama na gaba, da sharaɗi ɗaya. Na ce ni zan durƙusa, ya ƙi. Inna ta ce za ta je, ya ce ba zai bari matar amininsa ta durƙusa masa ba. Wanda ya ce kar a zo, shi yake so ya zo.

Allah Ya fitar da Yaya Habu lafiya, Ya ba Inna juriya, kai kuma Ya sassauta maka wuyanka ya iya sunkuyawa.

Kar ka kira ni, kar ka turo saƙo a ɓoye. A nan ƙarƙashin wannan wasiƙa da na saka a shafina, inda abokan karatunka da mutanen Wudil za su gani, rubuta: za ka zo, ko ba za ka zo ba?

Ƙaninka da bai daina sonka ba, bai kuma huce ba,
Sagiru, Wudil.