Kada ka ba Ɗan Azumi tsohuwar

Jatau,

Na iske kana barci, ban tashe ka ba. Motar buro, wato ofishinmu, ta zo da wuri, mun tafi Hawandawaki duba gonakin da geronsu ya ƙone. Sai yamma, in rairayi ya bar mu.

Sabuwar ordinatar ɗin, wato kwamfutar, tana kan tebur. Ba laifi, yatsuna ne dai har yanzu suke ɓatan hanya a kanta. Sharjarta ce matsala. Daga Katsina aka kawo ta, kan sharjar ƙafa uku ne irin na Najeriya, mu kuwa ramin bangonmu biyu ne. Jiya da aka kawo kuran, wutar lantarki ke nan, na yi juyin duniya, ya ƙi shiga. Ina cikin kwashe kayan tsohuwar ordinatar zuwa cikin sabuwar sai cajin sabuwar ya ƙare, ta ɗauke.

Takardun aiki sun ƙetare. Wanda ya rage shi ne bidiyon Inna, wanda na ɗauka da kaka, shekarar da ta rasu, tana sussuka tana yi maka faɗa kan akuyar da ka saki. Babu shi ko'ina sai cikin tsohuwar.

Ɗan Azumi mai gyara zai zo da hantsi ya ɗauki tsohuwar, ya kwance ta ya sayar da kayan ciki. Ni na ce ya zo, amma kada ka ba shi. Ka ba shi haƙuri, ka ce sai na dawo.

Na san gilashinta ya tsage, tana kuka kamar injin niƙa. Amma duk gidan nan ita kaɗai ke da muryar Inna.

Yayarka,
Asma'u