Abin da Na Faɗa a Gaban Takwararki

Assalamu alaiki Inna,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. 'Yarki Saratu ce daga Dubai. Shekara uku ke nan da rasuwarki, amma har yau idan abu ya tsaya mini a wuya, lambarki nake fara lalube a waya.

Takwararki Ummi ta cika bakwai. Surutu kam ta gaje ki, har Turancin katun take gyara mana. Sai dai ƙafafun suna nan yadda kika bar su, tun wahalar da ta sha wurin haihuwa. Jan takalmin da kika aiko mata a da yana kan durowa a ɗakinmu na unguwar Satwa. Ya daɗe da yi mata kaɗan, amma ba ta yarda a taɓa shi. A lokacin kullum zancenta, idan ta fara tafiya shi za ta fara sawa.

Kin tuna ranar da Ummi ta zubar da koko, na ce yarinyar nan ba ta iya komai ba? Kika ajiye ludayi kika harare ni, kika ce, “Saratu, ki iya bakinki. Abin da uwa ta faɗa a kan ɗanta, shi yake bin sa.” Tun daga ranar ban sake ba.

Akwai cibiyar da ake yi wa yara irinta gashi da motsa jiki, amma sai da katin gwamnati na masu buƙata ta musamman ake ba mu gurbi. Karon farko da na nema, takardar tallafin wata-wata na cika bisa kuskure. Aka ce wannan na 'yan ƙasa ne, mu baƙi kati kawai ake ba mu. Ban ji haushi ba, ƙasarsu ce.

Karo na biyu aka kira mu tantancewa. Inna, da kin ga kwalliyar da na yi mata, sai ki ce biki za mu. Na yi mata kitso, na sa mata kwalli, na rufe ƙafafun da doguwar riga. Likitar ta tambaye ni ko tana cin abinci da kanta, na ce alhamdulillah, tana ƙoƙari. Tana iya tsayuwa? Na ce ta kusa. Banɗaki fa? Na ce da sauƙi. Ummi tana gefe a kekenta tana washe baki, ni kuma ina jin na fita kunyarki.

Bayan mako biyu saƙo ya shigo cewa bayanin uwa bai yi daidai da rahoton asibiti ba, an rufe fayil ɗin. Baban Ummi ya dawo daga wurin lodin kaya a unguwar Deira, ya karanta. Daga baya ya ce, “Saratu, nan ba gidan suna ba ne da za a ce da sauƙi. Abin da kika faɗa shi suke rubutawa, khalas, shi ke nan.” Na yi fushi da shi kwana biyu, don na san gaskiya ya faɗa.

Muka ɗaukaka ƙara, aka ba mu rana. Na roƙi a fitar da Ummi kafin a fara tambayoyin, aka ce dole tana wurin don su gani da idonsu. Na dube ta, na dubi takardar da ke gaban likita, na tuna gurbin nan da ba za a ajiye mana ba.

Inna, na faɗa. Na ce ba ta iya riƙe cokali. Na ce ni nake ɗaukarta zuwa banɗaki, har yau da nafkin take kwana. Na ce ba ta taɓa tsayuwa ba ko sau ɗaya. Da aka tambaye ni abin da likitocinta suka ce game da tafiya, na ce sun ce ba za ta yi ba. Da bakina na faɗa, da Turancin da ta fi ni ji, tana zaune kusa da gwiwata.

Muka shiga mota za mu koma gida. Yarinyar da take ƙirga mini dogayen gine-gine har in ce ta isa haka, ranar taga kawai ta zuba wa ido.

Katin ya fito, an ba mu gurbi, muna zuwa Litinin da Laraba. Mutane suna ta yi mini barka. Ba su san cewa washegarin tantancewar Ummi ta nuna durowa ta ce, “Mama, ki ba Hanan takalmin Inna, ita tana tafiya.” Hanan 'yar maƙwabtanmu ce, shekararta uku. Ba kuka ta yi ba, da ma kukan ta yi, da na san yadda zan lallashe ta. Tun ranar ban ƙara jin ta ce idan ta fara tafiya ba.

Zuciyata ta karye, Inna. Na bi maganarki na hana ta magani, na saɓa miki na raba ta da burinta na tafiya. Da kina nan da na tambaye ki wanne ne laifin, ko da faɗa za ki rufe ni da shi.

Ban bayar da takalmin ba. Na naɗe shi a cikin tsohon mayafinki na sa a ƙasan akwati. Kowace safiya idan ina shafa mata mai a ƙafa, sai na ce mata Allah Ya yi mata albarka sau bakwai, ko bakin nan nawa zai biya abin da ya ɓata. Takan ce amin, amma ba ta kallona.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Allah kada Ya kama Ummi da abin da na furta. Idan kuma bai ƙaddara mata tafiya a duniya ba, Ya sa ranar da za ta taka ƙafarta a lahira, wurinki za ta fara rugowa.

Taki mai kewarki,
Saratu, Maman Ummi