Tokar Cittar Baba

Kafanchan, 6 ga Afrilu

Baba na,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taka? Yaya Mama da mutanen Kwoi?

Na zo da roƙo. Malama Sa'adiya mai koya mana ilimin tsirrai ta ce bana ba haddace littafi kawai ba, kowa sai ya yi bincike a kan abin da ke damun gidansu. Ni kuwa me ke damunmu in ba ciwon da ya cinye mana citta ba? Na ba ta labarin tokar da kake shafa wa iri kafin shuka, wadda nake maka dariya a kanta. Ita ba ta yi dariya ba, ta ce a gwada.

Don Allah ka raba gonar bayan coci kashi biyu, rabi da toka, rabi babu, mu ga bambanci. Da wannan zan ci darasin, Baba, kada ka yi mini gyara.

'Yarka,
Yemima

Kafanchan, 20 ga Satumba

Baba,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya, amma raina a ɓace yake. Wata huɗu ina hawa mashin zuwa gida, ina ƙirga ganye, ina mamakin yadda gefe biyun suka zama kamar tagwaye. Ashe duka ka shafa wa toka! Hellen ƙanwata ce ta tona. Haba Baba! Yanzu da me zan gwada me? Sati uku ya rage a miƙa aiki, ni kuma babu abin rubutawa. Na yi kuka har idona ya kumbura.

Yemima

Kafanchan, 14 ga Oktoba

Baba na,

Gaisuwa mai yawa, da fata ƙafar ta yi sauƙi. Ka yafe mini waccan wasiƙa.

Na je wurin Malama a shirye nake in faɗi darasin. Ta tambaye ni buhu nawa na iri ya rage maka bayan ciwon. Na ce ɗaya. Sai da na faɗa da bakina na ji abin da na roƙe ka: ka saka rabin irinka na ƙarshe a ƙasa babu kariyar da ka yarda da ita, don ni in samu maki. Ban taɓa tunanin haka ba, Baba, kuma ka kasa ce mini a'a.

Ta ce in rubuta abin da ya faru ba ɓoyo, shi ma bincike ne. Na rubuta, na karanta a gaban aji. Na ci darasin. Ko toka na magani, har yanzu ba mu sani ba, shi ya sa makaranta ta ba ajinmu fili da iri, mu sake gwadawa baɗi ba tare da an taɓa abincin kowa ba.

Malama ta ce kai za ka koya mana shafa tokar. Ka sa rigarka ta coci. Amma rabin da babu toka ni zan shuka da hannuna, kana zaune a inuwa inda nake ganinka.

'Yarka mai ƙaunarka,
Yemima