Wasiƙar Girkanci da na fassara a Madawa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne ɗan Buza, tsohon mushen lakkol, wato malamin makaranta.

A ƙarshen shekarun saba'in na shiga jami'a tare da abokina ɗan garin Babankatami, bari in kira shi Illa. Adabin Ingilishi muka karanta, muka haɗa da Latin da tsohon Girkanci, mu biyu kaɗai daga Adar, har 'yan ajinmu na yi mana dariya wai harshen matattu muke koyo. Da muka gama aka turo ni Madawa koyarwa, shi kuwa ya shiga cikin masu sukar mulkin soja. Lokacin ana buɗe wasiƙun mutane, sai muka riƙa rubuta wa juna da Girkanci.

Wata Talata ina cikin aji wasu jami'an tsaro biyu suka zo suka tafi da ni wani ɗaki, suka ajiye mini wasiƙar Illa wadda ba ta taɓa iso ni ba. Babbansu ya ce, "Mushe, karanta mana. Akwai wanda zai duba bayanka a Yamai, kar ka tsallake ko kalma ɗaya." Matata na da tsohon ciki. Na fassara duka, har layin da ya ce yana ɓoye a gidan kawunsa a Urno. Bayan kwana uku aka kama shi. Daga baya na gane ba su da kowa a Yamai, da na ce gaisuwa ce kawai da sun yarda.

Bayan shekara biyu aka sako shi yana tari, na je gaishe shi, ya tambayi iyalina, bai ta da maganar wasiƙar ba. Bai kai damina ba ya rasu. Ɗiyarsa Rabi a hannuna ta yi karatu, ni na ba da aurenta, Baba take ce mini.

Makon jiya uwarta ta cika wata biyu da rasuwa, Rabi ta kawo mini wani littafi da ta samu a akwatinta, rubutun Illa ne bayan fitowarsa, duk da Girkanci. Ta ce, "Baba, kai kaɗai ka rage mai iya karanta mini shi." Da ta tafi na buɗe, na ga sunana a shafin farko, ƙarƙashinsa ya rubuta ya san wanda ya karanta musu wasiƙar. Na rufe. Da saura shafi kusan arba'in, ban san ko yafiya ce a ciki ko Allah ya isa ba.

Jiya ta kira, na ce idona ne ke ciwo. Ta ce kar in wahalar da kaina, ai ta ɗauki hoton shafukan, an ce mata waya ma tana fassarawa yanzu, amma ta fi son ta ji muryar babanta daga bakina. Ran Juma'a za ta zo.

Jama'a, in gaya mata kafin mu buɗe littafin, ko in zauna gabanta in karanta abin da ya rubuta a kaina, kalma bayan kalma? Me zan yi?